Ƙafar da Ta Fice a Hanyar Baturiya

Ranar da motar Alhaji Shu'ibu ta faɗa tafki a hanyar Baturiya, kafin la'asar duk Haɗeja ta gama yanke hukunci. Rabin gari suka ce ƙaddara ce. Sauran suka ce direba ne. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da zai sa ƙafar mota ta rabu da mota a hanyar da ba rami, ba dutse.

Farkon kaka ne, a shekarun nan da Turawa suka sa kowa ya haukace da gyaɗa. Ruwan ambaliya ya fara janyewa daga fadama, ya bar tafkuna a gefen hanya. Motar ta taso daga Baturiya ɗauke da kwandunan bandar kifi, fasinjoji a zaune a kansu. Daidai wata kwana ƙafar gaba ta hagu ta fice, motar ta durƙusa, ta kife cikin ruwa. Aka ciro mutane, wannan da karaya, wancan da rotsi. Safara'u, matar wani masunci mai suna Muhammadu, ba a same ta ba sai da aka ɗaga bodin motar. Jaririyar da take goye da ita an fizge ta da rai. Ita kam ta riga ta cika.

Direban, Umara, ba a gan shi ba. Ya gudu.

"In ba shi da laifi, me ya kore shi?" Haka ake ta faɗa a tasha. Kamar ba mu ne muka koya wa direbobi gudu ba! Kowa ya san duk direban da ya tsaya a wurin haɗari, duwatsu da sanduna ne za su fara yi masa tambaya. Mu kore shi da hannunmu, sannan mu ce gudunsa shaida ce.

Kofur ɗin 'yan doka ya aika aka kira Kawu Mala. Babarbare ne, dattijo, sana'arsa bin sawun ɓarayin shanu daga nan har bakin Yobe. Yana da baƙar magana, kuma ba ya jiran wani ya yabe shi, da kansa yake yi. Mota kuwa bai san komai a kanta ba, in ban da ya tsane ta.

*

A bakin tafkin, taron 'yan kallo ya tattake ƙasa. Kawu Mala ya dube su, ya tofar da yawu.

"Kofur, ka kira ni bin sawu ko ƙirga jakuna? Ka ce su matsa."

Wata mai sayar da kifi, Mairam, tana zaune an ɗaure mata ƙafa da karare. Ya tsuguna kusa da ita.

"Sannu, 'yar nan. Gudu direban yake yi da motar?"

"Ba gudu, Kawu. Ni dai na ji ƙafar motar tana kuka, wani irin gurnani. Sai kuma na ji ƙamshi, kamar ana soya man shanu. Har na ce wa marigayiya, wa ya ɓoye abinci bai ba mu ba? Ta yi dariya. Dariyarta ta ƙarshe ke nan."

Kofur ya ce, "Ta bugu a kai, Kawu. Rabu da ita."

Kawu Mala ma bai ɗauki maganar da nauyi ba. Ya zagaya bayan tafkin, ya sami sawun mutum mai takalmi ɗaya. Sawun ya ratsa ciyawar kacalla, ya bi gefen wata gonar shinkafa. Mutumin yana karkata dama, kuma duk inda ya faɗi da hannu ɗaya yake dafa ƙasa. A ƙarƙashin wata bishiyar giyayya suka same shi a zaune, ya rungume hannunsa na hagu, ƙashi ya kusa huda fata.

"Kai ne Umara?"

"Ni ne, Baba. Mutum nawa?"

"Mace ɗaya."

Umara ya kifa kai a gwiwa. Da ya ɗago ya ce, "Boris ne. Na ji kukansa tun daga Baturiya, amma na ƙaryata kunnena. Sabo ne fil, Baba. Satin jiya Ya'u makaniki ya sa shi a gabana. Na ce a raina sabon boris ba ya kuka."

"Mene ne boris?"

"Abin da ƙafa take juyawa a kansa. Zobe biyu na ƙarfe, da 'ya'yan ƙarfe a tsakani, a cika su da giris. In ya mutu, yakan yi zafi ya narke, ƙafa ta fice."

Kofur ya sa masa ankwa a hannun da ya rage. "Ka yi wa alƙali wannan karatun."

Kawu Mala ya ce, "Ka tafi da shi. Ni ina da sauran wanda ya gudu."

Ƙafar yake nufi. Ta bar sawu shimfiɗe kamar na mesa, ta tsallake kwari, ta je ta kwanta a wata gonar gero da aka girbe. Da ya sa hannu zai jirkita ta, kiyashi suka hau masa yatsu har wuyan hannu. Ya karkaɗe su yana zagi, ya nemi jaki aka ɗora ta zuwa gari.

*

Garejin Ya'u rumfar kwano ce a bayan tasha. Ya'u ya zaro abin da ya rage na boris ɗin, ya goge gefensa da tsumma, ya ɗaga shi sama. Nan take fuskarsa ta sake.

"Wannan ba shi ne na sa ba."

"Duk makaniki haka yake cewa," in ji Kofur.

"Ranka ya daɗe, dubi nan." Ya nuna wani zane mai zurfi a bakin zoben. "Duk boris ɗin da na cire, sai na ja masa magagari, don kada wani ya wanke shi ya dawo mini da shi a matsayin sabo. Wannan shi ne tsohon da na cire. Sabon daga Kano aka kawo shi a jirgin ƙasa, cikin takardarsa. Sai da na yi wa Alhaji rantsuwa ba zan ƙara taɓa motarsa ba sannan ya yarda ya saya. Shi so yake a je rumfar Fannami a samo na arha."

"To tsohon da ka cire, ina ka kai shi?" Kawu Mala ya tambaya.

"Ka san al'adar masu mota. Ba sa yarda ka canza abu sai ka mayar musu da tsohon sun gani da idonsu. Umara na ba shi ya kai wa Alhaji."

Suna cikin haka sai ga Alhaji Shu'ibu da kansa, ya zo jin labari. Bafulatani ne, dogo, mai shanu, ya fara da amalanken shanu yana jigilar gyaɗa zuwa tashar jirgi ta Malam Madori, har Allah ya ba shi mota biyu: ta gyaɗa da ta fasinja. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kuma shi da Kawu Mala ba su taɓa haɗuwa ba su yi ba.

"A'a, bawana! Shanu sun ƙare ne ka koma bin sawun taya?"

"Ɓarayin shanun ne suka sayi mota, Bafillace, shi ya sa na biyo su."

Alhaji ya yi 'yar dariya, sannan ya tsuke fuska ya yi salati saboda mamaciya. Da aka gaya masa abin da Ya'u ya gano, ya girgiza kai a hankali.

"Ni Umara bai kawo mini komai ba. Yaron nan na riƙe shi kamar ɗa. Ashe sabon ya cire ya sayar, ya mayar da tsohon?"

Kofur ya buga sandarsa a ƙasa. "Shi ke nan. Da can ganganci ne, yanzu ya zama sata da kisan kai."

Haka abin da Kawu Mala ya wahala ya ɗauko daga gona ya zama igiya a wuyan Umara. Kafin magariba labari ya cika gari, kuma kowa ya ji daɗinsa, don ya fi sauƙin haɗiya. Umara baƙo ne daga gabas, ba shi da dangi a nan sai tsohuwar uwa a Kafin Hausa. Ɗaure irinsa ba ya hana kowa barci.

Kawu Mala ya naɗe mataccen boris ɗin a tsumma ya jefa a jakarsa. Shi ma ya yarda Umara ne. Abin da ya rage masa ya gano wanda ya saya.

*

Da safe ya nufi rumfar Fannami a kasuwa. Fannami yana sayar da kayan mota da aka kwance daga matattun motocin soja da yaƙi ya bari. Duk mai motar da kantin Kano ya fi ƙarfinsa, nan yake zuwa. Ga noti, ga sifana, ga boris jere a cikin gwangwanaye, sun nutse a baƙin giris.

"Fannami, ina sabon boris ɗin da Umara ya kawo maka?"

"Sabo? A rumfata? Kawu, ka zage ni da wani abin. Ni tsoho nake sayarwa, kuma ina faɗa wa mai saye tsoho ne. In ya ga dama ya ɗauka, in ya mutu a hanya ya ji da kansa."

"Ka ji bakin mai imani."

"Imanina ya fi na wanda zai ɗora mutane a kai. Bincika, ga rumfa nan."

Kawu Mala ya bincika har ƙarƙashin tabarma. Bai sami komai ba, ransa ya ɓaci, don ba ya son a ga ya yi kuskure a gaban 'yan kasuwa.

Fannami ya ce, "Ai irin na waɗannan motocin ma ba ni da shi. Ko Alhaji Shu'ibu da ya zo ranar Alhamis yana nema wa motar gyaɗa, haka ya koma. Ya ce nata ya fashe, ga kaya jibge, ga jirgi ba ya jira."

"Motar gyaɗa? Ai jiya na gan ta da lodi."

"To, wataƙila ya samo a wani wurin."

Kawu Mala ya ajiye jakarsa zai zauna, sai ya ga layin kiyashi ya hau igiyarta. Ya buɗe. Sun lulluɓe tsumman da ya naɗe boris ɗin, baƙi ƙirin. Ya dubi gwangwanayen Fannami da ke buɗe a ƙasa, ko ɗaya babu a kansu.

"Fannami, kiyashi ba sa damunka a nan?"

"Me za su ci a giris? Ko akuya ba ta lasarsa."

Kawu Mala ya warware tsumman, ya lakato baƙin maiƙon da ya maƙale a lungun zoben, ya kai hanci. Ƙarƙashin ƙaurin ƙarfe akwai wani wari da ya sani tun yana yaro. Ya ɗanɗana a harshe. Sai maganar Mairam ta dawo masa, wadda shi da Kofur suka watsar a bakin tafki.

*

Ya biya ta inda ake tsare da Umara. An ɗaure masa hannun, yana zazzaɓi.

"Tsohon boris ɗin, ka kai wa Alhaji?"

"A hannunsa na sa, Baba, a zaurensa. Mu biyu ne kawai."

"In giris ya ƙare maka a hanya, da me kake shafawa?"

"Ba ya ƙare mini. Akwai gwangwani cike a ƙarƙashin kujerata."

"Ranar Juma'a ina kake?"

"Kafin Hausa. Alhaji ne da kansa ya ce in je in duba tsohuwa, tunda ranar mota ba ta fita. Har na yi masa godiya."

Daga nan Kawu Mala ya wuce gidan Alhaji Shu'ibu a bayan gari, inda garkensa yake. Ya yi sallama da ƙarfi.

"Bafillace! Ubangidanka ya zo karɓar haraji. A kawo man shanu!"

Alhaji ya fito yana murmushi. "Babarbare da roƙo! Ku dai ba a raba ku da kwaɗayi. A miƙo masa, kada ya mutu a ƙofata."

Kafin a kawo, Kawu Mala ya zagaya bayan gida kamar mai neman wurin kama ruwa. A ƙarƙashin wata tsamiya ƙasa tana da sauran danshi. Sawun mota biyu ne a jere, hanci da hanci. A gefen hagu na kowace akwai shaidar katakon da aka ɗora jak a kai, ya nutse. Tsakaninsu sawun mutum ɗaya ne yake kai da komo, doguwar ƙafa, da zagayen gindin ƙwarya a inda aka ajiye ta. Can gefe ga tsohon amalanken Alhaji, wanda har yanzu ake ɗebo ciyawa da shi. Bakin ƙafafunsa yana naso, kiyashi suna hawa suna sauka.

Ya dawo ya karɓi ƙoƙon man shanun.

"Ba ka gode ba, bawana?"

"Zan gode gobe, a gaban mutane."

*

Washegari aka taru a zauren alƙali. Ga Umara a ƙasa da ankwa. Ga Ya'u da Fannami a gefe guda, kowa yana hararar ɗan'uwansa. Ga Alhaji Shu'ibu a kan buzu. Can bakin ƙofa Muhammadu, mijin Safara'u, yana tsaye da jaririyar a kafaɗa, don ta ƙi yarda da kowa. Mairam ma an ɗauko ta.

Kawu Mala ya ce, "Allah ya gafarta malam, jiya na ce direba ne, na ce Fannami ne ya saya. Sawu ya ƙaryata ni. Ina roƙo a ba ni faifai biyu."

A kan ɗaya ya sa a lakato giris daga gwangwanin Ya'u. A kan ɗayan ya ajiye mataccen boris. Ya kai su gindin bango, inda ramin kiyashi yake, ya dawo ya zauna. Mutane suka fara gunaguni, wani ya ce tsohon ya fara ruɗewa. Alƙali ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ba a daɗe ba layi ya fito daga ramin, ya kauce wa faifan giris, ya hau ɗayan.

"Ya'u, kiyashi suna cin giris?"

"Ba sa ci."

"To lasa wannan ka gaya wa malam."

Ya'u ya lasa, ya tofar. "Man shanu ne! Wane mahaukaci ne zai sa man shanu a boris? Da ya ji zafi zai narke ya tsiyaye, ƙarfe ya ci ƙarfe."

Mairam ta ce, "Na faɗa muku! Kuka ce na bugu a kai."

"Kin faɗa, 'yar nan, mu ne kurame." Kawu Mala ya juya ga alƙali. "Direba yana da giris a ƙarƙashin kujerarsa, Kofur ya je ya gani, gwangwanin yana nan cike. Ya'u da Fannami a cikin giris suke kwana. Babu ɗayansu da zai nemi man shanu. Wanda ya yi wannan aiki mutum ne da ya iya kwance ƙafa, amma a kan amalanke ya koya. Mai amalanke da man shanu yake shafa ƙafa, haka ya ga ubansa yana yi, kuma amalanke ba ya gudun da zai narkar da shi."

Alhaji Shu'ibu ya yi dariya, amma ita kaɗai ta fito, ba wanda ya taya shi. "Allah ya gafarta malam, wasan Barebari ne. Bawana ne, ya saba."

"Yau ba wasa, Shu'ibu." Tunda suke, bai taɓa kiransa da sunansa ba. "Ranar Alhamis boris ɗin motar gyaɗa ya fashe, ka je wurin Fannami ba ka samu ba. Ranar Juma'a ka tura Umara Kafin Hausa. Ka jera motocin a gindin tsamiya, ka ɗaga su da jak. Sawun yana nan, ban bari kowa ya taka ba. Ka cire sabon daga motar mutane ka sa wa motar gyaɗa. Ka mayar wa mutane mataccen."

"Ƙarya ne."

"To motar gyaɗa tana tasha ana yi mata lodi. Ya'u ya je ya kwance ƙafarta ta hagu. In ba a sami sabon boris na Kano yana iyo a man shanu ba, a sa mini ankwar Umara."

Ya'u ya miƙe tsaye. "In haka ne ma a tsayar da ita yanzu, kafin ita ma ta kashe wani."

Alƙali ya dubi Alhaji. "A je a kwance, ko za ka hutar da mu?"

Alhaji ya dubi faifan. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa.

"Tsohon nan ya yi shekara yana kai mu yana dawo da mu. Na ce zai ƙara kasuwa ɗaya, kafin a kawo wani daga Kano. Gyaɗa in ta rasa jirgi, Bature ba ya jin uzuri. Motar Baturiya kuwa a hankali take tafiya, kuma ba ta da nauyi, ai mutane ne kawai a ciki."

Daga bakin ƙofa Muhammadu ya ce, "Mutane ne kawai." Bai ɗaga murya ba. Ya gyara wa jaririyar kwanciya a kafaɗarsa, ya juya ya fita.

Alƙali ya ce a cire wa Umara ankwa.

*

Shari'a ta yi nata. Aka ɗora wa Alhaji Shu'ibu diyya, aka tsare shi na wani lokaci. Amma tun kafin ya fito, gari ya fara yi masa sassauci. A tasha ka ji ana cewa, "Ai ba da niyya ya yi ba." "Kwanan matar ne ya ƙare." Wallahi wannan magana tana ƙona mini rai. Kwana na Allah ne, ba mai musu. Amma ba mala'ika ne ya ɗauki ƙwarya ya zauna a gindin tsamiya ya zaɓi buhu a kan mai goyo ba. Mutum ne, mun san sunansa, kuma muna gaishe shi.

Umara ya fita da sunansa a wanke, amma hannun bai koma daidai ba. Kwanakin da ya yi a tsare kafin a kai shi wurin mai ɗori sun sa ƙashin ya haɗe a karkace. Ba ya iya riƙe sitiyari. Ya'u ya ba shi wurin zama a gareji yana wanke kaya da kananzir. Duk motar da za ta tashi, sai ya zagaya ta, ya dafa cibiyar kowace ƙafa, ya sunkuya ya shinshina. 'Yan tasha suka sa masa suna Mai Hanci.

Da aka jawo motar daga tafki aka gyara, ƙanen Alhaji ya mayar da ita hanyar Baturiya, don babu wata. Wata ranar kasuwa ta cika maƙil za ta koma. Kawu Mala yana zaune a rumfar mai goro. Motar ta fara mirginawa, sai Umara ya ɗaga kai, ya jefar da tsumman hannunsa, ya bi ta da gudu yana dukan bodi.

"Tsaya! Ƙafar baya tana kuka! Ku sauka!"

Direban ya taka birki, ya leƙo. "Mai Hanci, ka bar mu mu tafi, rana tana yi."

"Na ji ta da kunnena. Na taɓa ƙaryata shi sau ɗaya. Don Allah ku sauka a duba."

Fasinjoji suka dubi juna. Wani ya ce in an sauka yaushe za a isa. Wata ta ce Allah ne mai tsarewa. Wani daga baya ya yi tsaki ya ce a ja mota.

Mutum ɗaya ne ya miƙe. Muhammadu ya miƙo wa Umara jaririyar, ya diro, ya jawo ƙunshinsa. Motar ta ja, gurnanin yana bin ta har ta sha kwana.

Kawu Mala ya taso ya tsaya kusa da su, yana duban sawun da ta bari.

Muhammadu ya karɓi 'yarsa. "Kawu, ta ina ne hanyar ƙafa ta fi kusa?"

"Zo in raka ka. Daga baya ma dai hanyar nan za a kira ni."